Hannun Mai Dalma

A layin masu gyaran kayan lantarki, shagonsa ne na ƙarshe kafin kwana, mai shuɗiyar ƙofar ƙarfe da fentinta ya soma ɓarewa. Mai Dalma ake kiransa, tun zamanin da yake gyaran rediyo, lokacin da ƙaurin dalmar da yake narkarwa yana liƙe wayoyi ba ya rabuwa da rigarsa. Rediyo ya ja baya, talabijin mai ƙatuwar ƙeya ya zo ya wuce, kwamfuta ta shigo ta zauna, sunan bai sake shi ba. Ni ma a nan na san shi, don shi yake lallashin tsohuwar kwamfutata ta cinya duk ranar da ta yi fushi.

Gajere ne, ba jiki, da tabarau biyu, ɗaya a kan hanci, ɗaya yana lilo a ƙirji. Ba mai yawan magana ba ne, fuskarsa kuma ba irin wadda ake tunawa ba ce. Hannuwansa ake tunawa. Yatsu dogaye, farata a yanke, da ƙananan tabon ƙuna kamar an yayyafa. Idan ya ɗauki ɗan notin da bai fi ƙwayar shinkafa ba zai kai shi raminsa, sai ka ga kamar notin ne ya san hanya, hannun rakiya kawai ya yi masa.

A cikin kowace kwamfuta akwai wani ɗan fallen ƙarfe da masu sana'ar suke kira furosesa. Shi ne ƙwaƙwalwarta. Yana zama a wani gurbi da ke tsakiyar babban faifan ciki, wanda suke kira bod. A da, furosesa da alluransa yake zuwa a ƙarƙashi, kamar bushiya. In ɗaya ta lanƙwashe, Mai Dalma yakan miƙar da ita yana hira. Daga baya masu ƙerawa suka mayar da alluran cikin gurbin, suka sirantar da su har suka koma kamar gashin ido. Tun daga nan ya kafa wa kansa doka. Idan zai ɗora furosesa, sai ya fitar da kowa, ya ja ƙofa, ya ƙwanƙwasa bangon da ya raba shi da Tela, maƙwabcinsa kuma abokin tsufansa, don keken ɗinkin yana girgiza bangon har teburin aiki. Sai keken ya yi tsit.

"An shiga tiyata," Tela yakan ce wa mutanen da ke shagonsa. "Kowa ya riƙe tarinsa, Likita yana ɗinke hanji."

Ba a jimawa ƙofar take buɗewa, keken ya ci gaba da surutunsa. Shekara da shekaru haka ake yi. Ladan Tela kuwa shi ne, da yake idonsa ya raunana, duk lokacin da zare ya ƙi shiga allura sai ya leƙo, Mai Dalma ya zura masa ba tare da ya ko daina magana ba.

Mahaifin Mai Dalma mai aski ne. Yana gab da tsufa hannunsa ya soma rawa. Wata rana aska ta yanki kunnen wani mutum. Ba wani babban rauni ba ne, ɗan jini ne aka goge da auduga, mutumin ma dariya ya yi. Amma daga ranar bencin shagon ya soma zama fayau. Babu wanda ya faɗa masa komai, masu zuwa ne dai suka koyi bi ta wata hanya. A ƙarshe Mai Dalma, yana saurayi, shi yake ba uban abinci a baki. Ya taɓa gaya mini cewa ba fuskar tsohon ce ta fi tsaya masa a rai ba, ƙarar cokali ce, yadda yake kaɗa gefen kwano kaf-kaf-kaf, ya isa baki babu komai a cikinsa.

Shi nasa abin da babban yatsan hannun dama ya fara. Yana zaune wata safiya yana jiran kwamfuta ta gama tashi, hannun yana kan cinyarsa, sai ya ga yatsan yana murza ɗan uwansa a hankali, kamar mai murza zare. Bai aike shi ba. Ya dube shi kamar yadda ake duban baƙon da ya shigo ɗaki ba sallama. Da ya ɗauki sukurdireba sai rawar ta tsaya. Ya ce wa kansa gajiya ce. Amma ya san wannan murzar, ya gan ta a kan cinyar mahaifinsa tun yana yaro.

Ya koyi ɓoyewa. Ya koma shan shayi da hagu. Hannun dama ya tare a aljihu. Ƙananan ayyuka masu bukatar dalma ya soma tura su shagon gaba, yana cewa ido ne. A gida ya lura matarsa ta daina cika masa kofi, rabi take zubawa.

"Maman yara, shayin ma yanzu rowarsa ake yi?"

"Malam, ka shanye wannan tukuna, tukunyar ba guduwa za ta yi ba," ta ce, ba ta ɗago ba.

Wata rana Tela ya leƙo da allura da zare. Mai Dalma ya ce yana da aiki.

"Wane aiki? Ga ka zaune kamar alƙali. Likita, hannun nan naka ya zama na manyan mutane, ba ya fita aljihu. Ko gwal ka tsinta?"

"Tafi ka sayi tabarau, makaho. Ni ba yaronka ba ne."

Tela ya yi dariya, amma dariyar ta mutu da wuri. Ya tsaya jim yana duban aljihun, sannan ya juya da allurarsa. Bai sake kawo ta ba.

A wannan lokacin ne labarin sababbin furosesa ya cika layin. Masu ƙerawa sun yi shelar za su fito da wani sabon zubi. Matasan shagunan suna taruwa a kan waya ɗaya suna kallo, suna musu a kan wanda zai fi gudu, wanda zai fi jimirin batir. Na kwamfutar cinya, in ji su, a liƙe zai zo da bod, babu cirewa babu sakawa. Na kwamfutar tebur zai zo da sabon gurbi. Na manyan kwamfutocin aiki kuwa, irin na masu zanen gini da masu haɗa fim, faɗinsa ya kusa tafin hannu, gurbinsa da allurai dubbai, a jere kusa da kusa yadda ido ba ya raba su sai da madubin ƙara girma. Kowa murna yake yi. Mai Dalma yana sauraro daga bakin ƙofarsa kamar mai gida a bakin kogi yana jin ana hirar ruwan da aka yi a can sama.

Ya yi niyyar kauce wa abin. In an kawo masa irin wannan aiki, zai ce bai iya ba, ya tsufa. Amma 'yarsa ce ta kawo.

Ita ce babbarsu, mai zanen gine-gine, yana kiranta Injiniya tun tana 'yar makaranta tana zane a bayan kwalayen shagon. Kwamfutar da take aiki da ita, shi ya haɗa mata, kamar duk waɗanda ta taɓa mallaka. Yanzu ta gaza. In ta ba ta zanen bene ta ce ta fito da shi da haskensa da inuwarsa, sai ta kama nishi, wuni ya tafi.

"Baba, na yi oda," ta ce, ta ajiye jakarta a kan teburinsa, abin da ita kaɗai take yi a zauna lafiya. "Babban nan da ake magana. Da bod ɗinsa. Sun ce da zarar ya fito ina cikin na farko."

"Madalla. Sai su haɗa miki a can, su aiko shi a gama."

"Su wa? Ina da kai?"

"Injiniya, wannan sabon abu ne. Yaran nan sun fi ni saninsa."

"Yaran da suke cin abinci a kan bod? Haba Baba. Ni ban taɓa kunna kwamfutar da ba hannunka ne ya ɗora mata ƙwaƙwalwa ba, kuma ba zan fara yanzu ba. Ko kuɗin aiki kake so a ƙara maka?"

Ta yi dariya. Shi ma ya buɗe baki kamar mai dariya. A cikin aljihu yatsan yana ta murzarsa.

Watanni aka yi ana jira, shi kuwa kowace safiya yana tashi da abin a ƙirji. Da ya ji wayarsa ta yi ƙara ya ga ita ce, sai ya bar ta ta daɗe tana ƙara kafin ya ɗauka. Da ta ce an sake ɗaga ranar fitowar, sai ya ji wani sanyi, sannan ya ji kunyar sanyin. Ya kalli bidiyon yadda ake ɗora sabon furosesan har ya haddace. Ba kamar na da ba ne. Yana zuwa a cikin wani firam, wato zagayen roba mai riƙe shi, a zura shi a wata 'yar ƙofa da ke kan gurbin, murfin da ke kare alluran kuwa ba a taɓa shi sai komai ya shirya, a ɗauke shi a rufe ƙofar nan take. An yi haka ne don kada alluran su daɗe a fili. Ya ce a ransa, wataƙila wannan zai cece shi.

Ya soma gwaji da matattun bod ɗin da ke jibge a ƙarƙashin tebur. Da tsakar rana, in layin ya yi shiru, sai ya ja ƙofa ba tare da ya ƙwanƙwasa bango ba. Wata rana hannun ya bi shi lafiya. Wata rana kuma, daidai lokacin da ya zo saman gurbin, sai rawar da a da take tsayawa in ya kama aiki ta biyo shi har cikin aikin. Ya gano cewa tsoro ne abincinta. In ya ji tsoronta sai ta ƙaru, in ta ƙaru sai tsoron ya ƙaru. Bod ɗin da ya ɓata yakan tura su can ƙuryar bango, ya rufe da kwali.

Kayan suka iso wata safiya mai haske. Injiniya ta ɗauki hutu a wurin aiki, ta shigo da kwalayen a rungume kamar mai ɗauke da jariri. Matasan layin suka cika bakin shagon suna leƙe.

"Baba Dalma, a bar mu mu gani mana, ko daga nesa!"

"Ku tafi," ya ce. Ya dubi 'yarsa. "Har ke."

"Na sani, ranka ya daɗe. Ina wurin Baba Tela."

Ya ja ƙofa. Ya ƙwanƙwasa bango. Keken ya tsaya.

Ya wanke hannu, ya goge. Ya shimfiɗa sabon bod a ƙarƙashin fitila, baƙi wuluk, yana ƙanshin sabunta. Ya kwance notin da ke riƙe da ƙofar gurbin, ya ɗaga ta. Kansa yana maimaita abin da ya haddace, amma hannuwansa suna da tasu haddar, wadda ta girmi bidiyon nesa ba kusa ba. Tun da alluran suka koma cikin gurbi, abu na farko da yake yi shi ne ya cire murfin gurbi ya duba alluran a haske, ya tabbatar lafiyarsu kafin ya ɗora komai. Bai san sa'ad da ya yi ba. Sai dai ya ga murfin a hannunsa, ga alluran a buɗe a gabansa.

Bai taɓa ganin irinsu ba. Fili guda na ruwan gwal, duk sun karkata gefe ɗaya kamar ciyawar da iska ta shafa. Kyansu ya tsorata shi. Furosesan ma bai fito da shi daga kwali ba tukuna. Ya ce bari ya mayar da murfin, shi ke nan, kamar ba a yi ba. Amma mayar da murfin yana nufin ya kai hannu saman filin nan ya sauke shi daidai.

Da ya tsaya ya huta, da ya canza zuwa hagu, wataƙila da labarin ya bambanta. Bai tsaya ba. Ya fitar da numfashi ya riƙe, yadda ya saba. Hannun ya tafi lafiya har tsakiya. Sannan babban yatsan ya motsa.

Babu wata ƙara. Kusurwar murfin ce kawai ta shafi gefen gurbin ta wuce.

Ya ajiye murfin. Ya jawo madubin ƙara girma. A gefen dama na filin akwai wani ɗan wuri da hasken ya canza, kamar inda dabba ta kwanta a ciyawa ta tashi. Allurai sun kwanta a kan juna, wasu sun juya baya. In aka kunna wuta a haka, bod da furosesa duka za su iya ƙonewa.

Ya ɗauki 'yar matsefatar da yake miƙar da allurai da ita. A cikin madubin, bakinta ya bayyana ƙato, yana kaɗawa hagu da dama kamar reshe a cikin guguwa. In ya sauke ta, ba gyara za ta yi ba, shara za ta yi. Ya ajiye. Ya sake ɗauka. Ya sake ajiyewa. A bayan bango keken Tela bai tashi ba, shirun ya yi tsawon da bai taɓa yi ba, kuma ya san duk layin yana jin tsawon shirun nan. Ya tuna bencin mahaifinsa. Ya ga nasa bencin, ya ga mutane suna gaishe shi da fara'a suna wucewa shagon gaba. Har ya yi tunanin ya ce haka bod ɗin ya zo daga kamfani. Za a yarda da shi, don bai taɓa ƙarya a kan aiki ba. Tunanin ya zauna a bakinsa da ɗaci, ya kasa haɗiye shi, ya kasa tofarwa.

Aka taɓa ƙofa a hankali.

"Baba? Lafiya dai?"

Ya ci gaba da duban alluran.

"Baba, ka yi magana mana. Tsoro nake ji."

Ya tashi ya buɗe, iya yadda za ta shigo. Bai nuna mata bod ɗin ba. Hannun ya fitar ya miƙa a tsakaninsu, a cikin hasken fitila, ya bar shi yana abin da yake yi.

Ta daɗe tana kallo. Ta san labarin kakanta.

"Tun yaushe?"

"Ya kwana biyu."

"Mama ta sani?"

"Ban gaya wa kowa ba."

Ta rufe baki da tafin hannu. "Shi ya sa take zuba maka rabin kofi. Ni kuwa har faɗa na yi mata." Idonta ya ciko. "Ni na matsa maka. Ka ce a kai wani wuri, na ƙi."

"Bar wannan. Zo ki ga abin da na yi miki."

Ta leƙa madubin.

"Ya mutu ke nan?"

"Bai mutu ba. Ana miƙar da su. Amma ba da wannan hannun ba." Abin da zai faɗa bai taɓa faɗa wa kowa ba a cikin shagon nan. "Zauna a kujerata."

"Ni? Baba, ni zane na iya."

"Wadda take jan layi siriri kamar gashi ba ta karkace ba? Na ga hannunki tun kina rarrafe. Nawa ne, na da. Zauna."

Matsefatar ta yi wa alluran nan kauri. Ya ɗaga murya ta bango. "Tela! Ba ni allurarka mafi siranta."

Tela ya zo da kansa. Ya miƙo allurar ta bakin ƙofa, ya dubi abokinsa, ya dubi hannun da ke waje yau, bai nuna mamaki ba.

"Ga ta, Likita. A dawo mini da ita, ba kyauta ba ce." Ya juya ga matasan da ke tsaitsaye. "Ku kuma me kuke jira, rabon gado? Kowa ya kama gabansa!"

Mai Dalma ya jawo ɗan benci ya zauna kusa da 'yarsa, ya tura hannuwansa biyu ƙarƙashin cinyoyinsa ya danne. Ya sa ido a gefen madubin.

"Kafa gefen hannunki a tebur. Yawwa. Kada ki tura ta, jingina mata kawai. Fitar da numfashi tukuna. Yanzu. Kaɗan. Ya isa, ya isa! Dubi 'yan uwanta, ki sa ta kalli inda suke kallo."

Allurar gurbin ta farko ta miƙe. Hasken da ke kanta ya koma irin na sauran. Suka matsa ta gaba. Hannun yarinyar yana rawa shi ma da farko, rawar tsoro, irin wadda take wucewa. Nasa yana motsi a ƙarƙashin cinya kamar tsuntsun da aka danne. Rana ta hau, shagon ya ɗau zafi, ba su kunna fanka ba don kada iska ta taɓa komai. Keken Tela bai yi ko tari ba, ga ɗinkin mutane jibge a gabansa.

Saura ɗaya, wadda ta fi kowacce kwanciya, can a bakin gurbin. Ta jingina mata allurar Tela, ta ɗago rabi. Ta sake. Sai kan ya ɓalle, ɗan ƙyalli kamar ƙurar gwal, ya faɗa gefe.

"Wayyo, Baba, na karya ta!"

"Ba ke kika karya ba. Ni na karya ta tun ɗazu, ke dai kin ji faɗuwarta."

"Yanzu fa?"

"A cikin alluran nan akwai waɗanda in ɗaya ta tafi, 'yan uwanta suna ɗauke mata aikin. Akwai kuma wadda ita kaɗai ce a kan aikinta."

"Wannan wacce ce?"

"Ban sani ba. Sai an kunna."

Ita ta zura furosesan a ƙofarsa, ta rufe, ta ɗaure notin bi da bi yadda yake faɗa mata. Ita ta shafa man sanyaya, ta ɗora fankar. Shi ya haɗa manyan wayoyi da hagu. Da komai ya kammala suka tsaya suna duban maɓallin, kowa yana jiran ɗan uwansa.

"Danna," ya ce.

Fanka ta juya. Wata 'yar fitila ta kama a kan bod. Fuskar kwamfutar ta tsaya baƙa. Ya san sababbin nan suna daɗewa a tashin farko, ya gaya mata haka, amma shi kansa bai yarda da bakinsa ba. Yana shaƙar iska yana neman ƙaurin ƙuna. Fankar ta tsaya cak, ta sake tashi. Injiniya ta kama hannunsa na dama ta riƙe gam, rawar tana shiga tafinta, ba ta saki ba. A cikin baƙin gilashin yana ganin inuwarsu, tsoho da 'yarsa, kamar masu leƙa rijiya.

Sai fari ya keto. Rubutu ya fito.

Ta yi ƙara ta rungume shi. Daga bayan bango Tela ya ce, "Mara lafiya ya tashi ko a kawo makara?" Bai jira amsa ba, keken ya ɓarke da gudu.

Mai Dalma bai yi murna ba. Ya zauna yana duban hannun.

"Gobe za mu asibiti," ta ce.

"Ina da aiki gobe."

"Baba."

Ya tafi asibitin. Ita da mahaifiyarta suka sa shi a tsakiya a kan bencin jira. Da likitar ta ce ya miƙo hannuwansa, sai da ya dubi ƙofa tukuna, kamar mai neman wanda zai ja masa ita. Ta sa shi ya taɓa hanci, ya yi tafiya, ya zana da'ira. Ta faɗi sunan ciwon, shi ne dai wanda yake tsoro. Ta ce yanzu akwai maganin da babu a zamanin mahaifinsa, yana rage rawar, yana jan lokaci, amma ba ta yi masa alkawarin warkewa ba. A hanyar dawowa matarsa ta ce, "Da ka tambaye ni, Malam, da tuni mun zo." Ya ce, "Ke ma da kin tambaye ni."

Har yanzu yana buɗe shagon. Yana canza fanka, yana share ƙura, yana saurarar kukan kwamfuta ya faɗi abin da ke damunta, mutane ba su daina zuwa ba tukuna. Yakan dubi bencinsa da safe ya ga ko ya soma zama fayau. Sababbin kwamfutocin cinya sun iso kamar yadda aka ce, ƙwaƙwalwarsu a liƙe, ba sa neman hannun kowa. Shuɗiyar ƙofar ba ta ƙara rufuwa da rana ba, keken Tela kuma ba ya tsayawa. Ya ce mini shirun nan ne ya fi kewa.

Kwamfutar Injiniya tana aiki, benen da yake cin wuni yanzu kafin ta gama shan ruwa ya fito. Amma ba ya iya barin zancen. Yakan kira ta tana tsakiyar aiki.

"Ba ta ɗauke ba? Ba ta yi wani abu ba?"

"Lafiyarta ƙalau, Baba."

"To. Ki dai riƙa adana aikinki. Allurar nan ba mu san ta mece ce ba."

Ranar da na je karɓar tawa kwamfutar, na tarar da Tela a shagon, ya dawo da allurarsa da zare. Tela ne yake riƙe da su, idonsa a runtse, Mai Dalma ya sunkuya da tabarau biyu a hanci, hannuwansa a ƙarƙashin cinya.

"Hagu kaɗan, makaho. Hagu na ce! Sama. Tura."

Zaren ya wuce ta gefe.

"Sake," in ji Mai Dalma.